Ganin Baiwa Daban, Tsaya Mata Daban

Yau zancen fim ne ya kawo ni, kuma ba na Kano ko na Indiya ba, wani fim ne na Amurka mai suna Hustle, wanda kamfanin Netflix ya saki a watan Yunin 2022. Jeremiah Zagar ne ya ba da umarni, Adam Sandler ya fito a matsayin jarumi, sannan cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shirya shi har da shahararren ɗan ƙwallon kwandon nan LeBron James. Kalmar da aka raɗa wa fim ɗin, in za a juya ta zuwa harshenmu, tana nufin fafutuka ko buga-buga, wani lokacin ma har da 'yar dabarar nan ta ɗan caca, wanda zai nuna kamar bai iya ba don a zuba kuɗi ya kwashe. Duka ma'anonin biyu suna cikin labarin.

Ni dai ba ɗan ƙwallon kwando ba ne. Tsawona bai kai ba, kuma kamar yawancinmu, ƙwallon ƙafa na tashi ina kallo. Amma fim ɗin ya tsaya mini a rai, domin ya taɓo wata tambaya da na daɗe ina juyawa: idan aka ce wani yaro yana da baiwa amma ba a gano shi ba, shin da gaske ba a gan shi ba ne, ko kuwa an gan shi aka wuce?

Bari in ɗan warware wa wanda bai kalla ba. Sandler ya fito da sunan Stanley Sugerman, ma'aikacin kulob ɗin Philadelphia 76ers, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 30 da ke buga gasar NBA. Aikinsa shi ne farautar 'yan wasa. Yau yana wannan ƙasa, gobe yana waccan, kwana a otal, cin abincin leda, zama a benci yana ƙare wa samari kallo yana rubuta aibinsu. Ya kwashe shekaru bai halarci bikin zagayowar ranar haihuwar 'yarsa ba. Burinsa guda ne, a mayar da shi mataimakin koci ya zauna kusa da iyalinsa. Mai kulob ɗin, wani dattijo da ke ganin ƙimarsa, ya cika masa wannan buri, sai kuma rai ya yi halinsa. Ɗan dattijon mai suna Vince ya gaji kujerar, kuma da ma ba sa ga maciji da Stanley, saboda haka ya sake tura shi kan hanya.

A tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, wani dare, Stanley ya faɗa wani filin unguwa inda matasa ke buga ƙwallo a kan kuɗi. Nan ya ga wani dogon saurayi sanye da takalmin leburori, yana tare duk ƙwallon da aka jefa, yana zura tasa yadda ya ga dama. Sunansa Bo Cruz, shekararsa 22, aikin gini yake yi yana ciyar da mahaifiyarsa da 'yarsa ƙarama. Stanley ya bi shi har cikin bas, har ƙofar gida, kuma da suka ɗauke shi ɗan damfara sai ya kira tsohon tauraron nan ɗan Jamus, Dirk Nowitzki, ta bidiyon waya don ya shaide shi.

To, a nan ne nake son mai karatu ya lura da wani abu. Ganin da Stanley ya yi wa Bo bai ci minti goma a fim ɗin ba. Malam Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma duk wanda ke filin nan a daren ya san kimar yaron, shi ya sa ma aka taru ana ihu. Bugu da ƙari, mahaifiyarsa ta shaida wa Stanley cewa tun yana ɗan shekara 15 an gayyace shi Amurka, sai budurwarsa ta samu ciki, ya zaɓi ya zauna ya riƙe 'yarsa. Wato baiwar Bo ba a ɓoye take ba. An gan ta tun tuni. Abin da ya rasa shi ne mutumin da zai ce, "Na ji na gani, ni zan tsaya masa."

Sauran fim ɗin gaba ɗaya lissafin kuɗin wannan tsayawa ne. Vince ya ce ba ya so. Stanley ya sa hannu a aljihunsa ya biya kuɗin jirgi da na otal, ya kuma yi wa yaron ƙarya cewa kulob ne ke biya. Suna sauka a filin jirgi jami'an shige da fice suka tsare Bo, domin ashe an taɓa hukunta shi a kan dukan wani mutum, abin da bai faɗa ba. A gwajin farko wani abokin hamayya mai kaifin baki, Kermit Wilts, wanda ɗan wasan gaske Anthony Edwards ya fito a matsayinsa, ya yi ta gaya masa baƙaƙen maganganu har ya rikice ya kasa taɓuka komai. Da Vince ya rufe ƙofa gaba ɗaya, Stanley ya ajiye aikinsa, aikin da ya ba rabin rayuwarsa. Daga nan sai tashin asuba na makonni, yaro na gudu yana hawan wani tudu a unguwar Manayunk ta birnin Filadelfiya, shi kuma yana bin sa a mota. Da Bo ya gano ƙaryar da aka yi masa ya fusata, sai da Stanley ya buɗe masa nasa cikin, ya faɗa masa yadda shi ma ya lalata wasansa da hannunsa tun yana jami'a, sakamakon haɗarin mota da ya yi a cikin maye. Kuɗi, aiki, suna, sirri, babu wanda bai fitar ba.

Ba na so in mayar da Stanley waliyyi. Yana da tasa buƙatar, domin in yaron ya yi nasara shi ma ya samu kujerar da yake nema. A wannan fuskar dillali ne. Sai dai dillalai iri biyu ne. Akwai wanda in ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada, in ya lalace ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Akwai kuma wanda ya ɗaura wuyansa a kan kayan, in sun nutse da shi za su nutse. Ni a ganina ma'aunin ke nan: idan abin bai yiwu ba, wa zai yi asara? In amsar ita ce yaron da iyayensa kaɗai, to wanda ya kawo zancen ba mai tsayawa ba ne.

Tun kafin Hustle an yi wani fim mai kama da shi a 1994, The Air Up There, inda Kevin Bacon ya fito a matsayin mataimakin koci na wata kwaleji, ya hango wani dogon yaro a cikin bidiyon wata makarantar mishan a Kenya, ya niƙi gari ya tafi nemo shi. Wancan fim ɗin ya ɗauki Afirka tamkar wani daji da ake zuwa kamun raƙumin dawa, baiwa tana can kwance cikin ciyawa sai Bature ya zo da ido. Labaran gaske ba haka suke ba, kuma sun fi na fim daɗi.

Ɗauki Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963. Gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Yana da shekara 15 makarantarsa ta je wata gasar wasanni a Sakkwato, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai wani ɗalibi ɗan'uwansa ya je ya roƙi koci a bar shi ya buga musu ƙwallon kwando. Ka ga wanda ya fara ganinsa ba wani ƙwararre ba ne, abokin karatu ne da ya buɗe baki ya yi magana. Daga baya wani koci Ba'amurke da ya ga wasansa ya shaide shi a wajen Guy Lewis, kocin Jami'ar Houston. Da ya sauka a can a 1980 ko mai tarbarsa babu, tasi aka ce ya hau ya ƙaraso. Shekara huɗu bayan haka, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shi aka fara ɗauka, Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995.

Ko kuma Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da suka yi ƙaura zuwa Girka. Shi da yayansa tallar agogo da tabarau da jakunkuna suke yi a titunan Atina, ga su ba takardar zama ɗan ƙasa. Dubban mutane sun wuce su kullum, sun kuma ga tsawonsu. Wani koci mai suna Spiros Velliniatis ne ya tsaya, kuma ya fahimci cewa yaron da ke neman abin da za a ci da dare ba zai zo atisaye don daɗin baki ba, sai da aka nema wa gidan ɗan tallafi tukuna. Giannis bai samu takardar zama ɗan Girka ba sai a watan Mayun 2013, makonni kaɗan kafin Milwaukee Bucks su ɗauke shi a matsayi na 15. Ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, ya ci kofi a 2021.

Wanda labarinsa ya fi kama da na Stanley kuwa namu ne na gida. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, a filayenta ya koyi ƙwallon kwando, inda wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Masai bai kai ga buga NBA ba, ƙananan kulob na Turai ya zagaya. A 2002 ya raka wani matashi ɗan Najeriya gwaji a Orlando Magic, aka ga yana da ido, aka ba shi aikin farautar 'yan wasa, amma ba albashi. Da kuɗinsa yake tafiye-tafiye, yana raɓawa a ɗakunan abokai. Kocin Orlando na lokacin shi ne Doc Rivers, wanda ya fito da kansa a cikin Hustle a matsayin kocin 76ers. Daga nan Denver Nuggets suka ɗauki Masai da albashi, a 2010 ya zama babban manajansu, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a NBA. A 2013 ya koma shugabancin harkar wasa a Toronto Raptors, a 2016 suka ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a matsayi na 27, yaron da mutane da yawa ba su ba shi muhimmanci ba, a 2019 kuma suka ci kofi tare. Sun rabu da Toronto a 2025. Abin da ya fi burge ni shi ne tun a 2003, lokacin shi kansa bai gama tsayawa da ƙafarsa ba, ya fara shirya wa yara sansanin horo a Najeriya, shirin da aka sani da Giants of Africa. Wanda aka tsaya wa ya san daɗin abin.

Duk wannan ya sa na tuna makarantar kwana da na yi. Muna da filin ƙwallon kwando guda ɗaya, siminti ya tsattsage, ƙarfe ɗaya ya karkace, raga kuwa ba mu taɓa ganinta ba. Akwai wani yaro a ajin gaba da mu wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji. Ba tsawon kaɗai ba, yana da hannu, yana da natsuwa, in ya yi tsalle kamar ya manta da saukowa. Ranar da wata makaranta ta zo wasa har mutanen gari kan shigo kallonsa. Malamai da ɗalibai da baƙi, kowa kalma ɗaya yake faɗa: "Kai, yaron nan in ya samu hanya!" Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Da aka yi kiran gwaji a babban birnin jiha, abu uku ake buƙata, kuɗin mota, takalmin da zai shige shi, da yardar mahaifinsa, wanda ɗan kasuwar hatsi ne da ke jiran ya gama ya zo ya kama masa rumfa. A cikin duk masu cewa "in ya samu hanya" ba a samu mutum ɗaya da ya je ya zauna a zauren dattijon nan ba. Yau yana sayar da hatsi, yana da iyali, asirinsa a rufe, kuma ba na ganinsa a matsayin abin tausayi. Wataƙila da ya je gwajin ma ba a ɗauke shi ba. Abin da ke damuna shi ne ba a taɓa ajiye masa zaɓin a gabansa ba.

Ni kuwa da ba ni da ko rubu'in baiwarsa a nawa fagen, na dace da mai tsayawa. Malaminmu na Hausa ya karanta wani insha'i da na rubuta a aji uku, ya fara ba ni aron littattafansa. Da na gama sakandare mahaifina ya yanke cewa karatu ya isa haka, shago na jira. Malamin nan ya hau kekensa ya zo gidanmu har sau uku. A zuwa na uku ina bayan ƙofa na ji yana cewa, "Alhaji, ka ba ni aron yaron nan shekara biyu. In bai yi abin kirki ba, ni za ka kama da laifi." Mahaifina ya yi shiru can ya ce, "To Malam, na ba ka amana." Daga albashinsa ya saya mini fom ɗin jarrabawa. Malamai da yawa sun yaba rubutuna kafin shi, wasu ma sun fi shi zuba yabo. Shi kaɗai ya hau keke.

Sai dai kuma akwai inda fim ɗin ya yi mana daɗin baki, kuma ya kamata a faɗa. A ƙarshe komai ya daidaita, Boston Celtics sun ɗauki Bo, 'yar'uwar Vince ta karɓi ragamar kulob ta dawo da Stanley a matsayin mataimakin koci. To in da ba a ɗauke shi ba fa? Lissafin ba shi da tausayi. Kulob 30 ne, kowanne da gurbin 'yan wasa 15 na dindindin, wato kujeru 450 ga duniya baki ɗaya, kuma sababbin da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba. Shi kansa wanda ya fito a matsayin Bo, Juancho Hernangómez, ba lebura ba ne. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duk tsofaffin 'yan ƙwallon kwando ne, yayansa Willy ma ya buga NBA, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Denver suka ɗauke shi a matsayi na 15 a 2016. Watanni uku bayan fitowar fim ɗin ya ci maki 27 a wasan ƙarshe na kofin Turai, inda Sifaniya ta doke Faransa. Duk da haka, bayan ya sa rigar kulob shida a NBA, Toronto ta sallame shi a farkon 2023, lokacin Masai ne shugaba, ya koma Panathinaikos ta Girka. In wanda aka haifa a kan hanyar bai daɗe a kanta ba, ina ga ɗan talaka?

Wannan ƙarancin kujeru shi ne kasuwar dillalan banza. Ba baƙon labari ba ne a wajenmu a ce wani ya zo da katin shaida da hotunan da ya ɗauka da taurari, ya ce zai kai yaro Turai buga ƙwallon ƙafa, uba ya sayar da gona ko fili, a ƙarshe a watsar da yaron a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin komowa. A ƙwallon kwando ma jaridun Amurka sun sha kawo labarin yaran Najeriya da aka kai can da sunan makaranta, da aka ga ba za su kawo riba ba aka bar su suna gararamba. Waɗannan dillalan su ma suna da ido, sun iya gane baiwa sarai. Inda suka bambanta da malamina shi ne su kuɗi suke karɓa daga uban yaro, shi kuwa nasa ya fitar. Shi ya sa nake ganin duk mai cewa zai kai yaro wani wuri, tambayar farko da ya kamata iyaye su yi masa ita ce, in ba a ɗauke shi ba mene ne shirinka? Akwai karatu a ciki? Akwai tikitin dawowa? Wa za mu kama?

An samu ci gaba, ba a musu. NBA ta buɗe makarantar horar da matasa a Senegal a 2017, an fara gasar kulob-kulob ta Afirka da take ɗaukar nauyi a Kigali a 2021, a shekarar ce kuma 'yan wasan Najeriya maza suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci, sannan matanmu suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Ga kuma waya a hannun kowa. A cikin fim ɗin ma, da aka toshe wa Bo ƙofa, bidiyon wasansa da ya bazu a intanet ne ya sa aka sake kiransa. Yau yaron da ke ƙauye zai iya sa duniya ta gan shi cikin dare ɗaya. Gani ya yi araha ƙwarai. Amma waya ba ta zuwa zauren uba, ba ta biyan kuɗin mota, ba ta tashi da asuba ta raka yaro atisaye.

Saboda haka mai karatu, zancen ya wuce ƙwallon kwando. Ina da yaƙinin cewa kai ma ka san wani da ka taɓa cewa "in ya samu hanya". Wataƙila yarinyar maƙwabta ce da lissafi ba ya ba ta wuya, ko yaron garejin da ke gane ciwon inji da kunne, ko almajirin tela da ɗinkinsa ya fi na maigidansa. Mafi yawanmu ba mu da lambar Dirk Nowitzki a waya, amma abin da ake buƙata sau da yawa bai kai haka ba: kuɗin fom, wasiƙa ɗaya, kiran wani da ka sani, ko zama na awa guda a gaban wani dattijo kana ba shi haƙuri. In kuma ka ɗauka, to ka san ka ɗauka, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gara ka yi shiru tun farko da ka ɗaga yaro sama ka sake shi a tsakiyar hanya.

Wanda ya samu dama ya nemi fim ɗin ya kalla, ko da bai san dokar wasan ba zai fahimce shi. Sai dai ina jan kunne, akwai ashar da yawa a bakin 'yan wasan, ba na zama da ƙananan yara ba ne. Na so in ji daga gare ku, musamman wanda wani ya taɓa tsaya masa, ya ba mu labarin yadda aka yi. Sai mun sake haɗuwa.